Kafintan da Ɗakinsa Ba Silin

In ka tsaya a bakin layin ka ɗaga kai, duk rufin kwanon da idonka ya faɗa a kai, daga rumfar mai shayi har makarantar da ke can ƙarshe, gudumar mutum ɗaya ce ta buga shi. Kafinta ake ce masa, babba da yaro. Ɗan siriri ne, fensir ba ya rabuwa da bayan kunnensa, farcen babban yatsansa na hagu kuwa tun yana saurayi ya yi baƙi bai sake farfaɗowa ba. Ba shi da yawan magana, kuma ba wai haƙuri ne ya yi masa yawa ba. Rabin rayuwarsa ƙusoshi ne cike da bakinsa, sai ya saba amsa gaisuwa da ka.

Abin da ake tsokanarsa da shi shi ne ɗakinsa. Mutumin da ya yi wa unguwa kaf silin, har da banɗakin wani ɗan kasuwa mai son a sani, nasa ɗakin in ka kwanta rigingine kwano kake kallo tsirara, da katakan da ke riƙe da shi. Mai shayi, abokinsa tun na ƙuruciya, ba ya gajiya da maganar.

"Kafinta, wai rowa ce ko lalaci? Faɗa min tsakani da Allah, ba mai ji."

"Je ka tambayi mai ɗakin," iyakar amsar da yake samu ke nan.

Mai ɗakin ita ce matarsa, Inna Tela, wadda ta ɗinka wa matan layin da 'ya'yansu kaya har ta fara ɗinka wa jikoki. A ƙasan wani gidan bene ta girma, inda ruwan sama abin leƙe ne ta taga, ba abin ji ba. Lokacin da Kafinta ya kawo ta ɗakin nan da ya gina da hannunsa, ƙarfinsa bai kai ga silin ba, sai ya yi mata alkawari da zarar damina ta wuce. Ranar da ruwan farko ya sauko tana cikin ɗinki, ta yi tsalle ta bar keken, ta zaci jifan gidan ake yi. Da ta gane, sai ta zauna a bakin gado, baki buɗe, tana saurare har ruwan ya ɗauke. Ko girkin ranar ba ta ɗora da wuri ba.

Damina ta wuce, ya cika alkawari. Ya kawo allunan silin ya jingine a tsakar gida yana jiran yabo.

"Ina za ka da waɗannan?" ta ce.

"Alkawarin da na yi miki ne."

"Na yafe. Kai wa mai so. Kada ka taɓa min rufina, Kafinta."

Tun daga ranar haka take kiransa, Kafinta, kamar wani wanda ta ɗauko aiki. A gaban baƙi ne kawai take ce masa Malam.

Daminar wancan zamanin mai cika alkawari ce. Zafi ya matsa na 'yan makonni, mutane su yi ta mita, sai wata la'asar gabas ta haɗe, iska mai sanyi ta kaɗa labule, shi ke nan an shiga. Inna Tela ta san ruwa kala-kala da kunne. Akwai mai fara taku ɗaiɗai daga kusurwar gabas, wanda take cewa mai sallama ne, zai daɗe. Akwai mai faɗowa gaba ɗaya da hayaniya, wannan ko wanki ba ta kwashe masa da gudu, ta san yanzu zai wuce. Akwai yayyafin safe, wanda take rage gudun keke domin su tafi tare. Yaran gidan duk a ƙarƙashin wannan kiɗan suka koyi barci, har manyan suka girma suka watse garuruwa neman abinci, aka bar Auta da ta yi aure a layin baya.

Rufin ya kashe musu faɗa ba adadi. Za su fara sa-in-sa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ita tana yi yana gyaɗa kai irin gyaɗawar da ke ƙara tunzura mutum, sai ruwa ya ɓarke. Ta ɗaga murya, ba ya ji. Ya buɗe baki, sai dai ta ga leɓe na motsi. Kafin ruwan ya ɗauke wani ya riga ya yi dariya, yawanci ita. Kafinta ya taɓa gaya wa mai shayi cewa da ya sa silin ɗin nan tun farko, da yanzu shi gwauro ne.

Ba rana ɗaya abubuwa suka juya ba, shi ya sa ba wanda zai iya nuna maka shekarar. Kafinta dai a tafin ƙafarsa ya fara ji. Da can yakan kai azahar a saman rufi, daga baya sai ya zama hantsi na yi kwano ya fara cin ƙafarsa ta cikin takalmi, dole ya sauko. Bazara ta riƙa tsawo, damina ta riƙa makara, in ta zo kuma ta zo da fushi. Iska ta yaye rufin makaranta, ta naɗe na mai shayi ta kai shi bayan gari. Aiki ya yi wa Kafinta yawa, amma bai ji daɗinsa ba, domin aikin hannunsa ne yake tsinta a kwata. A rediyon mai shayi suka ji ana ce wa abin sauyin yanayi.

"Su sa masa sunan da suka ga dama," in ji Kafinta. "Ni dai na san kwanon da na saba da shi ya daina sanina."

Sai ya sauya hannu. Ya koma dogayen ƙusoshi, yana ɗaure katako da bango da ƙarfe. Ya riƙa ɗaga rufi yana barin kafofi a ƙarƙashinsa don zafi ya sami hanyar fita. Ya riƙa shafa wa kwano farin fenti, yana sa silin mai kauri, ya shimfiɗa tsofaffin buhuna a bayansa. In mai gida ya ce zai sare itacen ƙofar gida don ya faɗaɗa shago, Kafinta ya tattara kayansa ya ce a nemi wani. Mutane suka ce tsufa ya sa masa rigima, amma ɗakunan da ya gyara ana iya yin barcin rana a cikinsu, saboda haka suka ci gaba da nemansa. Ɗaki ɗaya ne a layin bai gyara ba.

A cikin waɗannan shekarun ne idon Inna Tela ya fara hazo. Zare ya ƙi shiga allura, ta ɗora wa allurar laifi. Kafin a kai ta asibiti abin ya yi nisa, aka ce sai dai haƙuri. Aka lulluɓe keken da tsohon zani, aka tura shi lungu. Matar da hannunta bai taɓa zama ba ta koma zaman gado, ta san kowa da takunsa, ta san lokaci da motsin layi. Duk shekara abu ɗaya take jira, kuma duk shekara yana ƙara daɗewa bai zo ba.

Ɗakin kuwa da rana ya zama tanda. Fanka, in an kawo wuta, iskar zafin take juyawa kawai. Inna Tela takan jiƙa zani ta yafa, kafin a jima ya bushe ƙayau. Ga hawan jini ya same ta. Auta ta zo ta durƙusa a gabanta.

"Inna, don girman Allah ki bari Baba ya gyara ɗakin nan. Ko ki dawo wurina har zafi ya wuce."

"In je gidan suruki in zauna? Ashe haukan nawa ya kai can."

"To a sa silin ɗin."

"Ido ya tafi, keke ya tafi. Abu ɗaya ya rage min a ɗakin nan, shi ma toshe shi za ku yi? Damina saura kaɗan. Na jure wadda ta fi wannan."

Ba ta taɓa jure wadda ta fi wannan ba, domin ba a taɓa yin irinta ba. Kafinta yana bakin ƙofa yana ji, ya san haka sarai, amma ya yi abin da ya saba, ya gyaɗa kai.

Wata azahar ya dawo daga aiki ya yi sallama, shiru. Ya tarar da ita a ƙasa tsakanin gado da lulluɓaɓɓen keke, jikinta zafi rau, ko ɗigon gumi babu, tana kiran sunan wata ƙawarta da ta daɗe da rasuwa. Shi da mai shayi suka kai ta asibiti. Aka ɗaura mata ƙarin ruwa, aka yi ta shafa mata ruwan sanyi, sai wajen magariba ta gane muryar Auta. Likitar, wata mai fara'a da ba ta wuce sa'ar Auta ba, ta ja shi gefe ta tambaye shi irin ɗakin da Inna ke wuni a ciki. Ya faɗa mata, kansa a ƙasa.

"Baba, mutane da yawa aka kawo mana a makon nan, yawancinsu tsofaffi, kuma ba duka suka koma gida ba. In ta koma wannan ɗakin yadda yake, ba na jin za a sake yin sa'a. Ba ku san wani kafinta ba?"

Auta ta kawar da kai. Kafinta ya ce ya san wani.

Washegari da ya je gaishe ta, Inna Tela ta laluba ta kama hannun rigarsa. Muryarta ba ƙarfi, amma maganar tana nan yadda take tun tana amarya.

"Na ji abin da yarinyar nan ta ce maka. Kada ka taɓa min rufina."

Ya fita daga asibitin ya zarce kasuwar katako. Tsoro ne ya kai shi, tsoron ya sake yin sallama ya ji shiru, kuma a kan wannan tsoron ya yarda ta yi fushi da shi har ƙarshen rayuwarta, in dai rayuwar za ta yi tsawo.

Bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, bai kuma taɓa yin wanda ya ƙi jini kamarsa ba. Ya ɗaga rufin, ya bar kafofin iska, ya shafa farin fenti har sai da ya riƙa kashe ido. Kwano ɗaya, wanda ke daidai saman gado, tsatsa ta ci gefensa, sai ya cire ya sa sabo, tsohon ya jingine shi a bayan ɗaki don hannunsa ya kasa jefar da shi. Sannan ya shiga ciki ya buga silin, allo bayan allo, da buhuna a bayansu. Da ya buga ƙusar ƙarshe ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Sanyi kamar an shiga randa. Ƙurar buhunan ta bar masa wani busasshen tari da ya ƙi tafiya.

Ranar da aka sallamo ta, Auta ta riƙo ta har bakin ƙofa. Ta sa ƙafa ɗaya a ciki ta tsaya. Ta ce, "Salamu alaikum," ba don akwai kowa a ɗakin ba, sai don ta ji yadda muryarta za ta dawo. Ta ji.

"Ɗakin ya yi gajere," ta ce.

"Inna, ba ki ji sanyi ba?"

"Na ji. Sannu da aiki, Malam. Allah ya saka."

Babu baƙo a gidan, amma Malam ta ce. Daga ranar ba ta yi masa faɗa ba, ba ta yi masa gori ba. In ya kawo ruwa ta ce an gode, in ya yi sallama ta amsa cikakkiya. Da zagi ne da ya fi masa sauƙi. Jikinta dai ya yi kyau, tana cin abinci, kumburin da ƙafarta ta yi a lokacin zafi ya saɓe, shi kuma yana ta ramewa a cikin ladabi.

Ruwan farko ya zo da rana tsaka, irin mai sallamar nan, ɗaiɗai daga gabas. Kafinta yana rumfar mai shayi, ya taso da sauri yana jan gwiwa, ko kofinsa bai ƙarasa ba. Ya ɗaga labule ya same ta tana barci, barci mai nauyi irin wanda ta yi watanni ba ta samu ba. A cikin ɗakin ba ka jin komai sai wani ɗan gunaguni can sama, kamar ana hira a gidan maƙwabta. Ya tsaya yana shawarar ya tashe ta ko ya bar ta, har ruwan ya ɗauke bai yanke ba.

Ƙamshin ƙasa ne ya tashe ta. Ta ɗaga kai tana shaƙa.

"An yi ruwa ne?"

"An ɗan yi."

"Wane iri?"

"Mai sallama."

Tunda ta shigo gidan nan ruwan farko bai taɓa wuce ta ba, kuma ba ta taɓa tambayar wani irin ruwan da aka yi ba, ita ake tambaya.

"To, Allah ya amfana," ta ce, ta juya fuskarta bango.

Kafinta ya fita bayan ɗaki don kada ta ji numfashinsa. A can idonsa ya faɗa kan tsohon kwanon, jiƙe, yana ɗiga. Kafin rana ta faɗi ya yanke gefen da tsatsa ta ci, ya kafa katakai biyu, ya yi wa tagar da ke saitin gadon Inna Tela 'yar rumfa da shi. Ta ji bugun guduma ba ta tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Ya bar wa ruwa na gaba ya yi bayani.

Sai ruwa ya ƙi zuwa. Haka daminar yanzu take, ta leƙo sau ɗaya, manoma su yi shuka, sannan ta yi tafiyarta. Hadari ya haɗu har kaji su shige akurki, iska ta zo ta watsa shi. Mako ya bi mako. Shukar bayan gari ta ƙone, masu sayar da ruwa suka fara yanga. Kullum da la'asar Kafinta yana tsakar gida, kai a sama, yana harare-hararen gabas. Inna Tela kuwa ta daina tambayar ko akwai hadari, kuma wannan ya fi komai damunsa.

Ran nan ya je wurin wani mai lambu da ya taɓa yi wa ƙofa, ya aro butar ban ruwa, irin mai faffaɗan bakin nan mai huda-huda. Mai shayi ya gan shi da ita ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskarsa, ya mayar da bakin ya rufe. Kafinta ya cika butar da ruwan ɗauraya da ya tara. Ya ɗauko tsanin da Auta ta hana shi hawa tun bayan aikin silin, ya jingina a bango a hankali, ya cire takalmi don kada ta ji taku. Hawa da buta cike ba wasa ba ne ga gwiwa irin tasa, sai da ya huta a tsakiya.

La'asar ce, akwai ɗan gajimare, har iska ta taimaka masa ta kaɗa labulen tagar. Ya tsoma yatsu a ruwan ya yarfa a kan kwanon. Tas. Tas, tas. Sautin nan ne, bai tsufa ba ko kaɗan. Ya ji gado ya motsa a ciki. Sai zumuɗi ya kwashe shi, ya karkata butar gaba ɗaya, ruwa ya zubo shaa a kan tsohon kwanon, yana gangarowa ta gaban taga.

Nan tarin ya taso masa. Ya danne, ya cije leɓe, idonsa ya kawo ruwa, tarin ya ƙwace. Ba ɗaya ba, jerin gwano, har tsanin na rawa.

Ya tsayar da butar. Ɗigon ƙarshe ya gama sauka. Gidan ya yi tsit, shi kuma yana maƙale a saman tsani, ba takalmi, tsoho da butar aro, kunya kamar ƙasa ta tsage.

"Kafinta."

Sai da ya riƙe tsanin da hannu biyu. Rabonsa da jin sunan nan a bakinta tun asibiti.

"Na'am."

"Tunda nake, ban taɓa jin ruwan sama mai tari ba."

Ya gyaɗa kai, ya manta ba ta gani.

"Wannan na saman gadona ne, ko? Na gane muryarsa." Ya ji ta ja hanci, ta gyara zama kusa da taga. "Amma ka cika gaggawa. Shekara da shekaru kana kwana a ƙarƙashinsa, ba ka koyi komai ba. Mai sallama ba haka yake yi ba. Daga gabas yake farawa, ɗaiɗai, ya ɗan yi shiru kamar ya fasa, sannan ya sako. Da saura a butar?"

Ya leƙa. "Ta ƙare."

"To sauka a hankali, kada ka karye min. Ɗebo wani ka sake."

Ya rataya butar a hannu, ya fara laluben matakin tsani da ƙafa.